'Yar Mai Baƙin Miki

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Aji uku kawai na yi a makarantar ƙauyenmu, hannuna ya saba da kwaɓin gurasa ne, bai saba da fensir ba, kuma ni mutum ce da ko a cikin mata 'yan'uwana sai in yini ban ɗaga kai ba. Bayan wannan, akwai maganar da na yi alkawarin ba za ta fita daga bakina ba muddin wani dattijo yana numfashi. Ranar Talatar da ta wuce aka binne shi.

Sunana Sosin. A ƙauyenmu na gefen hanyar Mardin ba a cika kirana da sunan ba. 'Yar mai baƙin miki ake cewa.

Shekara uku kafin a haife ni aka yi yunwa. Aka kawo irin alkama a buhuna don a shuka, an barbaɗe shi da wani magani mai wari don kada ya ruɓe a ƙasa. Gidan da yara ke kuka ba ya iya jiran girbi. Mata suka kai alkamar rafi suka wanke ta sau uku, warin ya tafi, suka ce ai maganin ya bi ruwa. Aka niƙa, aka ci.

Ashe bai bi ruwa ba.

Da zafi ya shigo, duk inda rana ta taɓa a jikin mutum sai ya tashi ya yi ruwa, ya fashe, ya bar baƙin tabo. Gashi ya fito wa mata da yara a fuska. Fitsari ya koma kamar shayi mai kauri. Mahaifiyata Perihan, wadda nake kira Daye, tana cikin waɗanda abin ya fi kamawa. Yatsunta sun gajarce sun lanƙwashe, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganinta a tsakar gida da rana tsaka ba. Ta haifi biyu kafin ni, duk suka tafi ba su yi haƙori ba, jikinsu da jajayen tabo. Mahaifina ya kai har na shekara goma sha biyu, sannan cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, shi ma ya bi su.

Ni kuwa fatata sumul. Mutane suka ce gubar barci take yi a jikina, sai ranar da na haihu za ta farka.

Shehmus bai taɓa yarda da wannan ba. Shi ke kula da injin niƙa na ƙauye, kullum girarsa fara fat da gari. Duk ranar da na kai niƙa sai ya sunkuyo ya ce, "Sosin, wai me kika yar a ƙasa da kullum kike nemansa? Faɗa mini in taya ki." Shi ya sayo mini wani ƙaramin madubi mai bayan gwangwani daga Diyarbakir, ya ce in duba in ga abin da ke hana shi auna gari daidai.

Sau uku yana roƙon mahaifiyarsa ta zo neman aurena, sau uku tana ƙi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mahaifiyar tasa, Halti Adule, ba maƙiyiyata ba ce. Halti muke ce wa ƙawar uwa. Ita ke yi mini kitson Sallah tun ina ƙarama, ɓauren farko na gidanta kuwa ni take aiko wa. Amma ranar da aka ambaci aure sai ta zama wata daban. A bakin rijiya, gaban kowa, ta ce ba za ta haƙa wa jikokinta kabari da hannunta ba, nonon gidan Perihan ya riga ya cinye biyu. Ta ce ga Nefise 'yar wanta nan, lafiyayya, gidansu ba a taɓa cin alkamar nan ba. Nefise kuwa ta fara wucewa ta ƙofar injin sau biyu a yini da tasar da ba ta kai a niƙa ba.

Mijin Halti Adule, Haji Reshit, mutum mai kaushin hali wanda a shekarar yunwa ya kulle buhunan irinsa ya bar iyalinsa da sha'ir da ganye, cewa ya yi zancen na mata ne, su ƙarata.

Daye ba ta taɓa cewa uffan ba. In na yi kuka sai ta juya fuskarta bango.

*

Wata safiya lokacin dafa alkamar ajiya, Shehmus ya tare ni a bayan masallaci yana haki. Ya ce wata likita ta zo daga Ankara, babban birnin ƙasarmu, tana bin ƙauyuka da tsohon littafin sunayen waɗanda suka yi baƙin miki shekara ashirin da suka wuce, tana son ta san wa ya rayu, wa ya mutu, me kuma ya kashe shi. Tana da fitilar da ke nuna cutar ko ta ɓuya.

"Za ta duba ki a gaban matan garin nan duka," in ji shi. "In ga kuma abin da tsohuwata za ta sake cewa."

Na ce ina tsoro. In fitilar ta nuna fa?

"To sai mu sayi akuya mai nono. Ke nake so, ba ƙwaryar madara ba."

Da na faɗa wa Daye, tasar da ke hannunta ta faɗi. Ta ce kada in je. Ban taɓa saɓa mata ba sai ranar.

A ɗakin makaranta likitar ta zauna. Mata suka ƙi magana a gaban malamin makaranta, ita kuma ba ta jin yarenmu, sai aka tura ni gaba tunda ina ɗan jin Turkanci. Haka na tsaya kusa da teburinta, ita tana kiran suna, ni ina mayar mata da amsar mutane.

Suna talatin da ɗaya ta kira na manya da yara masu wayo. Ta kira Baffa Hemo, wanda miki ya cinye masa gefen hanci da kunne, ta tambaya ko yana raye. Ya leƙo ta taga ya ce a gaya mata mai ɗaukar rai ya zo sau biyu, da ya ga fuskarsa sai ya ce an riga shi. Mata suka yi dariya, wata ta ce ai matarsa ce ta fi cancantar a duba, ita da take kallon fuskar nan shekara ashirin.

Dariyar ba ta daɗe ba. Wannan ya mutu da tari. Wannan hanta, kamar mahaifina. Wannan ta tafi wajen haihuwa. Wannan yana birnin Adana yana tsintar auduga da safar hannu, da asuba da yamma kawai. Wannan mota ce ta kaɗe shi, ba ruwan miki. Ashirin da biyu suna nan da rai. Likitar ta sa na faɗa wa mata cewa wanda ya tsallake shekarun farko yawanci yana daɗewa, sai dai ciwon gaɓoɓi da tabo, kuma a riƙa lura da hanta. Ba a ɗaukar cutar ta taɓa jiki ko cin abinci tare.

Sannan ta buɗe shafi na biyu, na jarirai. Nan ba ta tambaya ko suna raye ba. Kusa da kowane suna an riga an ja layi.

Ta kira sunan 'yan'uwana biyu. Ni na mayar mata da amsa.

Aka kawo Daye a lulluɓe, domin Shehmus ya je har gida ya roƙe ta. Likitar ta daɗe tana danna mata ƙasan haƙarƙari na dama, fuskarta ba ta yi mini daɗi ba. Aka rufe tagogi da barguna, ta kunna wata fitila mai haske shuɗi-shuɗi, ta kara kwalbar fitsarin Daye. Ya yi ja, ja mai ƙyalli kamar garwashi. Mata suka ja da baya.

Ta kara tawa. Ba komai. Ruwa kawai.

Likitar ta dube ni, ta dubi littafinta, ta tambayi shekarar da aka haife ni. Ta ce in tambayi Daye wata nawa ta shayar da ni, don a duk ƙauyukan da ta bi da wuya ta ga jaririn da ya sha nonon mai miki irin nata a shekarun nan ya rayu.

Na tambaya. Daye ta ɗago kai ta dube ni.

"Ki faɗa mata ba ki taɓa shan nonona ba," ta ce. "Ko ɗigo."

Da bakina na juya wannan maganar zuwa Turkanci. Likitar ta yi murmushi, ta ce to shi ke nan, yarinyar nan lafiyarta ƙalau, 'ya'yanta ma in Allah ya so haka. Aka tambayi Daye to me na sha. Ta ce akuya.

Na waiga in ga fuskar Halti Adule, in ga yadda wanda aka kayar yake yi. Tana tsaye jikin ƙofa, ta dafe ƙirjinta da hannu biyu, leɓenta ya yi fari. Ba ni take kallo ba. Daye take kallo, Daye kuma tana kallonta.

*

Kwana uku gidan Haji Reshit ba zaman lafiya. Shehmus ya rufe injin, ya ce ba zai sake niƙa wa kowa ko tsaba ɗaya ba sai an je gidan Perihan, in kuma an ƙi zai tafi Jamus kamar sauran samari, kada a sa ran wasiƙarsa. Haji Reshit da kansa ya ce wa matarsa hujjarta ta ƙare, ta ɗauki sukarin neman aure ta je.

Rana ta huɗu da hantsi ina kan soro ina baza dafaffiyar alkama, sai na hango ta tana tahowa ita kaɗai, ba sukari, ba rakiya. Na sauko. Daye ta ce in zauna, magana tawa ce.

Halti Adule ta kama hannuna ta fara kuka tun kafin ta yi magana. A cikin kukan na tsinci labarin.

Da aka haife ni, Daye ta riga ta gane abin da maza ba su gane ba, cewa duk jaririn da ya kama nonon mai miki ba ya kai wa ga haƙori. Ta ƙudura ba za ta ba ni ba. Sai ta riƙa sa ni ƙarƙashin mayafi a gaban kakata kamar tana shayarwa, ta je bayan tanderun gurasa ta tatse nonon a ƙasa. Amma akuyarmu ba ta haihu ba tukuna, ni kuma ina ta suma da yunwa. Halti Adule a lokacin tana goyon Gule, ƙanwar Shehmus. A rumfar tanderu, inda maza ba sa shiga, ta karɓe ni ta sa a ƙirjinta.

Na janye hannuna daga nata. Ko yaron goye a ƙauyenmu ya san wanda ya sha nonon mace ya zama ɗanta, 'ya'yanta duka 'yan'uwansa ne.

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Halti?" Abin da na iya cewa ke nan.

Ta ce a shekarar nan mutane sun ɗauka mikin yana yaɗuwa. Haji Reshit ya tsaya a tsakar gida ya rantse, in ta taɓa wani ɗan gidan masu miki, to ta saku saki uku. Ta taɓa. Bayan wannan ta haifa masa 'ya'ya huɗu. In maganar ta fita, me za a kira zamanta na shekara ashirin, me kuma za a kira yaran?

"Shi ya sa na zage ki a bakin rijiya, 'yata. Na gwammace ki tsane ni da a tono wannan. Amma ki saurare ni." Ta ɗaga yatsu huɗu. "Sau huɗu ne. Na san hukuncin tun a lokacin, a mazhabarmu sai an sha sau biyar an ƙoshi ake zama 'yan'uwa. Ina ƙirgawa. Daga na huɗu akuyarku ta haihu, na ce wa Perihan na tsaya nan. Jiya na je wajen liman, na tambaye shi kamar zancen wata mata ce a Kiziltepe. Ya ce huɗu ba ya haramta komai. Tsoron bakin mutane ne kawai ya hana ni, kada a fara tambaya. Yanzu kuwa uwarki ta ce akuya, kowa ya yarda da akuya."

Ta sa na rantse ba zan faɗa ba muddin mijinta yana raye. Na rantse. Ta share fuska ta ce ranar Alhamis za su zo da sukari da zobe, Nefise ta nemi wani injin.

Ta sumbaci goshina ta fita. Na bi ta da kallo har ta sha kwana, ƙirjina kamar zai tsage don murna. Na ɗauko madubina na duba, karo na farko ban ji kunyar abin da na gani ba.

Na waiga wajen Daye. Ta juya fuskarta bango.

*

Da la'asar Shehmus ya buɗe injin. Har gidanmu ana jin ƙararsa, ana jin shi yana waƙa a kai da muryarsa marar daɗi. Ya aiko mana da garin da ba mu kai niƙa ba.

Na kwaso alkama daga soro, na dafa miyar waken adas, na zuba wa Daye. Ba ta taɓa ba. Rana ta yi sanyi, inuwa ta rufe tsakar gida, lokacin da takan fito ke nan ta sha iska. Ta ce in zauna kusa da ita. Ta janye mayafinta ta nuna mini babban tabon da ke bayan wuyanta har kafaɗa, wanda ya fi sauran muni, wanda nake shafa wa man zaitun tun ina yarinya.

"Kin taɓa tambayata inda na samo wannan?"

Na ce a'a.

Ta ce ina da kwana arba'in, ana tsakar girbi, akuyar ta ɓace a dutse kwana biyu. Na yi kuka har murya ta ɗauke, na daina motsi. Nata nonon yana zuba yana jiƙa riga, ta ce sau uku tana kai ni bakinsa tana janyewa. Ta san in ta roƙi Adule ba za ta yarda da na biyar ba. Sai ta ɗauke ni da rana tsaka, ita da ba ta fita rana, ta bi gonaki. Ta tarar da Adule ƙarƙashin ɓauren gonarsu, gajiyar yankan alkama ta kayar da ita, tana barci da Gule a gefe, rigarta a buɗe.

"Na lallaɓa na kwantar da ke. Na tsuguna a rana na yi muku inuwa da mayafina don kada ta farka. Kika sha har kika saki da kanki."

Ban san lokacin da na tashi tsaye ba.

"Barci take yi, Daye. Ba ta sani ba. Wanda bai sani ba ai..."

"Nono bai san barci ba, Sosin. Na tambaya tun kina rarrafe."

Na durƙusa na riƙe ƙafafunta, na ce ko ta manta, ko ban ƙoshi ba, ko huɗun Halti uku ne ta ƙara. Ta ce da za ta iya mantawa da ta fi kowa murna. Ta ce duk lokacin da Adule ta ƙi, ita godiya take yi a ranta, tana cewa ƙin Adule zai yi mata aikin, ba sai ta soke ni da hannunta ba. Shi ya sa ta hana ni zuwa wajen likita.

"Kin ji abin da likitar nan ta taɓa a cikina," ta ce. "Na ga fuskarta, kin gani ke ma. Irin na babanki ne. Ba na jin zan ga wani girbin. Daga ni sai ke muka san wannan, in na tafi saura ke kaɗai. In kin yi shiru, ranar Alhamis za a sa miki zobe, ba mai cewa komai har abada. Ba zan tona ba, ba kuma zan yi miki baki ba. Ni na ɗora ki a ƙirjin nan, kuma ko yau aka mayar da ni gonar, sai na sake."

Na tambaye ta to me zan yi.

Ta ɗora lanƙwasassun yatsunta a kaina. Ta ce ita abin da ta iya ke nan, ta raya ni. Sauran nawa ne.

Injin yana ta ƙara. Shehmus yana ta waƙa.

*

Washegari da na idar da sallar asuba na ɗumama wa Daye madara, na shafa mata mai a wuya. Na ɗauko madubin na goge shi da gefen mayafina, na naɗe shi a farin ƙyalle. Na ɗebi alkama a tasa don kada a ce me ya kai ni.

Ba kowa a injin sai Shehmus, yana ɗaura bel. Da ya gan ni ya yi dariya, ya goge hannu a wando, ya ce yau kuma amarya da kanta, to me aka yar a ƙasa?

Ban kalli ƙasa ba. Tun da nake ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai ranar. Na ajiye ƙyallen a kan buhun da ke tsakaninmu, na tura masa.

Na ce, "Ina kwana, Yaya."